Kwabo a Kan Allura

Sanyi ya gangaro daga duwatsun Shere.
Na ja labule, na jawo akwatin Baba Jatau
daga ƙarƙashin gado.
Faya-fayai goma sha bakwai. Dā ashirin ne:
rana ta lanƙwasa biyu kamar gurasa,
ɗaya kuma Kande ta rufe tukunyar miya da shi
ranar sunan ɗanta.

Kwalayensu sun yi launin shayi.
Ga maza jere cikin baƙar kwat, kumatu a kumbure,
rubutun ƙasansu dogo kamar jirgin dakon kuza,
wasu haruffan da ɗigo biyu a ka.
Ban iya karantawa ba. Baba ma bai iya ba,
sai ya raɗa musu suna:
wannan Mai-gaggawa, wancan Ranar Albashi,
wannan kuwa, mai tsage a gefe, Zo Mu Shirya.

Wani Bajamushe, makanikin injin haƙa a Bukuru,
shi ya bar masa su ranar tafiya,
da garmahon, da sifana uku,
da bashin sule goma da har yau bai dawo ya biya ba.

"Talatu, bi layi da audugar, kar ki ƙetare."
Na bi. Na hura. Na ɗora.

Da fari ba kiɗa,
sai ƙarar ƙosai a cikin mai,
sai yayyafi bisa kwano.
Can wani ya fara sharar ganga da tsintsiya,
ƙaton gurmi ya biyo shi, dum, dum, dum,
kamar attajirin Gangare yana sauko tudu, ba mai jiransa.
Sai kakaki biyar suka banko ƙofa lokaci guda!
Ɗakina ya yi musu kaɗan.
Ƙaho mai wuyan zalɓe ya fito shi kaɗai yana magiya,
sauran suka amsa masa da dariya,
ya sāke roƙo, suka ba shi hanya.

Wannan kiɗa ba ya tafiya a miƙe.
Rangaji yake, yana makara da gangan,
ya iso daidai sa'ad da ka fid da rai.
Ƙafata ta gane shi tun kafin kunnena.

A tsakiyar Zo Mu Shirya akwai rami.
Nan allura ke tuntuɓe,
ta maimaita, ta maimaita, ta maimaita,
sai an ɗora mata kwabo mai huji a ka.
Kwabon na nan, ya sha yatsan Baba har ya yi santsi.
Ɗana ya nemo mini waƙar a waya, tsaf, ba ƙura, ba rami.
Na saurara, na gode masa.
Amma da ta wuce wurin ba ta ko tsaya gaisuwa ba,
na ji kamar baƙo ne sanye da rigar mahaifina.

Baba ya taɓa cewa, yana jingine da bango:
"Mutanen nan, garinsu toka ne sa'ad da suka busa wannan.
Ji dai. Ko ɗaya bai yi ƙasa da murya ba."
Ban gane ba sai shekarar da babbar kasuwa ta ci wuta,
muka kwana uku ba mai leƙa titi,
shi kuwa ya rage sauti, ya ɗora Ranar Albashi,
yana kaɗa babban yatsa cikin safa.

Yanzu ma ga shi an ɗauke wuta.
Kakaki ya ja, ya yi nishin sa, ya mutu.
Ban tashi neman ashana ba.
Na sa yatsa a tsakiyar faifan ina juyawa a hankali,
na kai kunne dab da allura.

Suna nan.
Mutum goma sha shida, ƙanana kamar sauro,
cikin kwat ɗinsu, cikin duhun Anguwan Rogo,
suna busa mini iyakar ƙarfinsu.